Kaset Ɗin da Ya Yi wa Alaramma Shaidar Zur

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ban taɓa mantawa da ranar sha ɗaya ga watan azumin 1986 ba. Ranar ce na danna maɓallin rikoda da wannan yatsan nawa da niyyar in wanke wani dattijo, sai na ƙarasa shi. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikinmu na da, ku masu haɗa sauti na yanzu, to wannan zan ba ku, don ya fi duk ayyukan da na yi daidai koya mini sana'a.

Lokacin ina aiki a shagon Masta Ofori a unguwar Kotobabi da ke Accra. Sana'armu bayar da hayar lasifika da haɗa ta a wurin suna, biki, Maulidi, wa'azi, har jana'izar Kirista ranar Asabar. Mu mutanen shagon hawa uku ne. Masta ne a sama, shi kaɗai ke buɗe cikin amfilifaya. Sai mu manyan ma'aikata, da ake tura mu waje mu haɗa kaya mu zauna da su har a tashi. Sai masu koyo a ƙasa. Ni shekarata tara a hannunsa, kuma da yake ni kaɗai ne Musulmi cikin manyan, duk aikin azumi na unguwannin Nima da Maamobi nawa ne.

Babban aikina a shekarar shi ne tafsirin Malam Hamidu a Maamobi, wanda ake yi bayan La'asar. Ga wanda bai san tsarin ba, mutum biyu ne ke zama a gaba. Ɗaya mai jan baƙi, shi ke karanto aya da ƙira'a, ɗayan kuma malamin da ke fassara ta ya yi bayani. Mai ja wa Malam Hamidu baƙi shi ne Alaramma Tanko, wanda ya zo Accra daga ƙasar Damagaram tun yana saurayi. Shekara ashirin da biyu suna tare. Murya gare shi mai kauri, irin wadda ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har a ƙirji. In ya sauko ƙasa ya ja madda, wallahi sai ka ga masu goro da masu sayar da koko a bakin titi sun yi tsit.

Da can a wata rumfa ake yi, ta katako da kwano, gefe biyu a buɗe. In damina ta haɗu da azumi sai ruwa ya riƙa bugo mutane. Ganin haka Alhaji Seidu, babban ɗan kasuwar goro, ya rushe rumfar ya gina zaure na bulo da siminti saboda Allah. Rufin kankare, daɓe sumul, tsawo da faɗi ɗaya kamar akwati, da 'yan tagogi na gilashi da kullum suke a rufe saboda ruwa da warin kwata. Unguwa duka aka yi ta sa masa albarka. Wannan azumin ne na farko a sabon zauren.

Ga yadda na haɗa kayan, ku lura, don nan kuskuren ya fara. Manyan akwatunan lasifika biyu na rataye su a kusurwoyin gaba, suna fuskantar jama'a, don kada su tare wa kowa wuri. Teburina na sa shi daura da ƙofa, inda iska ke shigowa. Na tsaya a nan na ce, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," da wannan 'yar siririyar muryar tawa da matata ke cewa kamar ta ɗan akuya. Na ji tas. Na ce aiki ya yi.

Akwai kuma wata al'ada tamu da kowa ya sani, ba wanda yake lissafa ta cikin aikin sauti. A wurin karatu kowa da mazauninsa. Inda ka zauna ranar farko, nan ne naka har Salla, wani ma har ya mutu. Dattijai suka jeru a jikin bangon dama, don su jingina bayansu. Alhaji Seidu, mai ɗaki, aka shimfiɗa masa buzunsa a can cikin kusurwa, daidai ƙarƙashin lasifikata. Alaramma da Malam suna jingine da bangon gaba. Samari da magidanta kuwa suka cika fili.

Ranar uku ga wata, da aka tashi, Alhaji ya yafito ni.

"Issaka, injin nan naka lafiya kuwa?"

"Lafiya ƙalau, Baba Alhaji."

"To me ya sa in Alaramma ya ja baƙi ba na rarrabe haruffa? Sai wani rugugi kamar tifa ta tsaya a ƙofar gida."

Na duba waya, na canza makirufo, na goge kawunan fulogi. Ban ga komai ba. Washegari ya sake kira na, sauran dattijan ma suka ce haka suke ji. Sai wani cikinsu ya kawo hujjar da ta rufe mini baki. Ya ce ai in Malam Hamidu yana bayani suna jin kowace kalma, kuma inji ɗaya ne, lasifika ɗaya ce. In da laifin inji ne, da duka biyun zai ɓata. Ni kaina na ga maganar ta hau.

Daga nan magana ta bar kan inji ta koma kan mutum. Aka fara cewa haƙoran Alaramma sun zube, tsufa ya kama harshensa, yana cinye haruffa. Wani magidanci daga cikin masu zama a fili ya ce shi fa yana jin karatun garau kamar kullum. Aka ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Daga nan masu zama a fili suka bar wa dattijai maganar.

Ranar goma na ji an gama shawara. Za a sallami Alaramma cikin mutunci, a kawo wani da ya dawo daga karatu a Kano. Ba mugunta ba ce ta sa su, ku fahimce ni. Cewa suka yi littafin Allah ba a yi masa kara. Amma ni raina ya ɓaci ƙwarai, don kullum ina ɗaukar tafsirin a kaset, makirufona kuwa a bakin Alaramma yake. In na koma gida Nima na sa a 'yar rikodata a tsakar gida, karatu nake ji kamar ruwan randa, ba harafin da ya faɗi. Na ce ai ga shaida a hannuna.

Ranar sha ɗaya na je da wuri, na durƙusa gaban Malam Hamidu.

"Allah gafarta Malam, a ba ni minti biyar kafin a fara. Ina da karatun jiya a kaset. A saurara, sannan a yanke hukunci."

Malam ya ji daɗi, don shi ma ba ya son rabuwa da abokinsa. Ya ce, "Bismillah, Issaka."

Dattijai kowa yana mazauninsa. Alaramma yana nasa, ya sunkuyar da kai, da alama labari ya riga ya kai masa. Ni kuma don kowa ya ji da kyau, maimakon in kunna 'yar rikodar haka nan, sai na jona ta da amfilifaya, na tura karatun cikin manyan lasifikan, har na ɗan ƙara murya. Kai, rashin sani ya fi dare duhu.

Daga wajen teburina karatu ya fito tsaf. Ina murmushi ina bin fuskokin dattijai da kallo, ina jiran su ji kunya. Sai na ga Alhaji Seidu yana girgiza kai. Da na kashe ya ce, "To, jama'a, kun ji. Da muna cewa ko kunnuwanmu ne suka tsufa, ga shi inji ma ya faɗa. Shi inji ba ya ƙarya, ba shi da ɗan'uwa a cikinmu."

 Alaramma ne ya ɗago kai. Bai taɓa zama ya ji muryarsa daga waje ba sai ranar, kuma a jikin bango ya ji ta, inda dattijan ke ji. Ya dube ni ya ce, "Issaka, haka nake karatu?"

Na ce, "Alaramma, wallahi ba haka..."

Ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe a hankali, ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku yafe mini. Ban san abin ya kai haka ba. Allah ya yafe mini abin da na ɓata a littafinsa." Ya ɗauki sandarsa, ya bi ta tsakiyar mutane, ya sa takalmi a bakin ƙofa, daidai gefen teburina, bai sake duba na ba. Ranar aka zaunar da sabon mai jan baƙi. Muryarsa siririya ce, a sama take tafiya, ta fito garau har kusurwa. Dattijai suka riƙa cewa, "Ka ji bambanci." 

Da safe na kai wa Masta Ofori labari. Shi ba Musulmi ba ne, amma a Zango ya girma, Hausarsa irin ta Nima ce. Yana riƙe da ƙarfen narkar da dalma, bai ko ɗago ba, ya ce, "Kai a ina ka tsaya?"

"Wajen tebur, bakin ƙofa."

"Su a ina suka zauna?"

"Jikin bango. Alhaji a kusurwa."

"Ka taɓa zama a wurin?"

"Haba Masta! Wurin Alhaji?"

Sai ya ajiye ƙarfen. Ya ɗauko wata kwalba da ba komai ciki, ya hura bakinta, ta yi "huuu". Ya ce da irin kiran aboki na mutanen Accra, "Chale, shekara tara kana nan ba ka san wannan ba? Kowace kwalba da muryarta. Ɗaki ma kwalba ne, girma ne kawai ya fi. Je ka zauna inda tsohon ke zama, sannan ka dawo ka gaya mini inji lafiya ƙalau."

Ranar sha uku da hantsi na karɓi makulli wajen ladan. Ba kowa a zauren. Na cire takalmi na shiga kusurwar Alhaji na zauna, ina waige-waige kamar ɓarawo. Ban ma kunna komai ba sai injin niƙa na bayan gida ya tashi. Subhanallahi! Kaina ya cika da ruri har haƙorana suna kaɗawa. Na miƙe na taka uku zuwa fili, sai rurin ya koma ɗan abin da ba ka ma lura da shi. Na koma kusurwa, ya dawo. Da injin ya tsaya na sa kaset ɗin Alaramma, na yi ta zagaya zauren ina saurare, taku bayan taku, har aka kira Azahar.

Abin da na gano ke nan, kuma shi ne zuciyar sana'armu. Sauti mai kauri, wanda kuke cewa bes, dogon zango gare shi. In ya sami ɗaki mai bango mai tauri, sai ya riƙa kai da kawowa tsakanin bango da bango, kuma akwai wani amo guda da ya yi daidai da awon ɗakin, wanda in aka taɓa shi ɗakin yakan karɓa ya kumbura shi. In tsawo da faɗi ɗaya ne, abin ninkuwa yake yi. Kuma ba ko'ina yake taruwa ba. A jikin bango yake yawa, a kusurwa ya fi ko'ina, a wasu wurare cikin fili kuma kamar babu shi. Tsohuwar rumfa ba ta riƙe shi, ficewa yake yi ta katako da gefen da ke buɗe.

Muryar Alaramma, in ya sauko ƙasa, daidai kan amon zauren nan take faɗawa. Kuma shi ja yake yi, yana daɗewa a kan amo ɗaya, sai ɗaki ya sami lokacin cika. In ya saki maddar ya wuce gaba, ɗakin bai saki ba, yana nan yana ruri, sai ya danne haruffan da suka biyo baya. Malam Hamidu kuwa magana yake yi da sauri, muryarsa na hawa da sauka, ba ya tsayawa wuri ɗaya balle ɗaki ya kama shi. Ni kuma na ƙara wa wuta fetur da na rataye lasifika a kusurwa. Siririn sautin da ke fito da haruffa gaba yake tafiya, ya tsallake kan Alhaji ya tafi wajen samari. Mai kaurin kaɗai ke zubo masa. Dattijan nan ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji suka faɗa. Sai dai shi kunne ba ya ce maka ɗaki ne. Mai magana yake nuna maka.

Sanin abin bai kai faɗarsa wuya ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ya gina wa Allah ɗaki da guminsa, duk unguwa na yabonsa, in ce masa ginin naka ne ya kori Alaramma? Na yi ta juya maganar, na ga ba ta da bakin da za a faɗe ta. Washegari na same shi a rumfar goronsa a kasuwar Nima, ana yayyafa wa huhu ruwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba Alhaji, ban zo da magana ba. Kunnenku na zo aro, na minti goma."

"Kai Issaka ba ka gajiya? Ba ka ga abin da ka jawo wa bawan Allah rannan ba?"

"Na gani, Baba. Shi ya hana ni sukuni."

Ya ce mu haɗu a zauren bayan Azahar. Ya kuwa zo, mu biyu kaɗai. Ya zauna kan buzunsa, na sa kaset.

"Ai na ji wannan," in ji shi.

"Baba, don girman Allah ku taso ku taka uku zuwa nan."

Ya yi tsaki, amma ya dogara sanda ya taso. Taku ɗaya, biyu, uku. Sai ya tsaya cak. Ya karkata kai. Ya koma kusurwa da kansa, ya sake fitowa. Sau uku yana haka. A na ƙarshe ya zauna a kan daɓe, ba buzu ba tabarma, a wurin da samari ke zama, ya saurara har kaset ya ƙare ya yi ƙas. Na ga gemunsa ya jiƙe.

Ya ce, "Issaka, wa ya gina ɗakin nan?"

Na ce, "Ku ne, Baba."

Ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Rushewa za a yi?"

Na ce a'a. Kwana biyu muka yi muna gyara. Na sauke lasifika daga kusurwa na ɗora su kan sanduna nesa da bango, na rage musu kauri a jikin amfilifaya, aka buɗe tagogi duk da warin kwata. Darduma da labule ba sa shan irin wannan sauti, sai abu mai kauri sosai. Alhaji ya sa aka kwaso katifun audugar rimi daga gidansa, muka naɗe su muka tsayar a kusurwoyi huɗu daga ƙasa har sama, aka lulluɓe da farin yadi. Rurin bai mutu duka ba, amma ya kwanta. Katifa ta gaje wurin Alhaji, shi kuma ya dawo da buzunsa cikin fili, bai sake jingina da bango ba.

Bai aika kowa gidan Alaramma ba. Da ƙafarsa ya taka, ni da Malam Hamidu muna biye, muka bi lungunan Nima muna tsallake kwata. Matar Alaramma ce ta yi mana iso, ta ce mana a hankali tun ranar da ya dawo ba ta sake jin karatunsa a bayyane ba, ko na asuba da ya saba. Muka same shi a tsakar gida. Alhaji ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

"Alaramma, ɗakina ne ya yi maka ƙarya, ni kuma na ɗauka na yaɗa. Ka yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba, Alhaji. Ai ni ma na ji. Da kunnena na ji."

Sai na fito da 'yar rikodar na kunna masa a nan sararin Allah, ba bango ba rufi. Karatu ya fito kamar yadda muka san shi shekara ashirin da biyu. Ya saurara idonsa a rufe. Da ya ƙare ya ce, "Wannan ma ni ne?"

"Ku ne, Alaramma. Kaset ɗin rannan ne, shi ɗin dai."

"To wanne zan gaskata?"

Malam Hamidu ne ya yi ta ba shi baki har ya yarda zai dawo. Ranar sha bakwai ya dawo mazauninsa, shi da sabon mai jan baƙin suka riƙa karɓa-karɓa. Zaure ya cika har waje. Ya yi A'uziyya. Ya ɗaga muryarsa sama, wurin da ba nata ba. Karatu daidai, ba harafin da ya faɗi, amma yana tafiya a hankali kamar mai tsallake kwata a kan katakon da ya taɓa karyewa da shi. Wannan kaurin da ke taɓa ƙirji babu shi.

Na ce ko kwana biyu zai saki jiki. Bai saki ba. Azumi huɗu ya ƙara yi a zauren kafin Allah ya karɓi abinsa, bai sake saukowa ƙasa ba ko sau ɗaya. Wata rana ina ɗaura masa makirufo na kasa daurewa, na ce, "Alaramma, ɗakin fa ya gyaru. Don Allah ku sauko kamar da."

Ya yi murmushi ya dafa hannuna. Ya ce, "Bar shi, Issaka. A nan ma Allah yana ji."

To, ƙannena, abin da zan bar muku ke nan. In aka kawo muku ƙarar sauti, kafin ku taɓa kowane maɓalli, ku tashi daga teburinku ku je ku zauna inda mai ƙarar yake zaune, ko da buzun Alhaji ne, ku nemi izini ku zauna. Mutanenmu ba sa canza wuri, don haka kowa abin da mazauninsa ya ba shi yake rantsuwa a kai, kuma da gaskiyarsa. Kada kuma in ji ɗayanku ya ce inji ba ya ƙarya. Ɗaki mun gyara shi a kwana biyu da katifa huɗu, amma abin da minti biyar ɗina suka yi wa mutumin nan, shekara huɗu ina ɗaura masa makirufo ban iya gyara shi ba.

Kaset ɗin yana nan a akwatina. Duk azumi nakan fito da shi sau ɗaya, in ɗauki kujera in fita tsakar gida. Ban taɓa sake kunna shi a cikin ɗaki ba.